Ceshin: Garin da Sarakuna Suka Yi Ta Miƙa wa Juna Kafin Kogi Ya Raba Shi

Wani malamin tarihi a makarantar sakandare ya aiko da wannan tambaya: "Ina shirya darasi kan yadda iyakokin Turai suka yi ta sauyawa. Na ci karo da wani ƙaramin gari a kudancin Polan mai suna Cieszyn, an ce rabinsa yana Polan, rabinsa yana ƙasar Cek. A wani wuri na ga an rubuta Teschen, a wani kuma Těšín. Gari ɗaya ne? Su wa suka mulke shi, kuma me ya raba shi? In ina son duba tsofaffin takardunsa, ta ina zan fara?"

Malam, gari ɗaya ne, sunayen ne uku. Cieszyn rubutun Polanci ne, ana faɗarsa kamar "Ceshin", kuma haka zan riƙa rubuta shi a nan don sauƙi. Teschen sunansa ne da Jamusanci, Těšín kuma da yaren Cek. Yana bakin kogin Olza, a gindin duwatsun Beskid, a kusurwar kudu maso gabas ta tsohon yankin Silesiya. A yau tsohon garin da ke gabashin kogin yana Polan, da mutane dubu talatin da 'yan kai. Tsallaken kogi kuma Český Těšín ne a ƙasar Cek, da mutane dubu ashirin da 'yan kai. Tsakanin kasuwar wannan da tashar jirgin wancan, tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna.

Kuskuren farko da ɗalibanka za su yi, kuma manya ma suna yi, shi ne su ɗauka Ceshin ya fita daga Polan ne a lokacin da Rasha da Furusiya da Ostiriya suka yi wa ƙasar rabon nama tsakanin 1772 da 1795. Ba haka ba ne. Lokacin da aka yi wannan rabo, Ceshin ya riga ya shekara fiye da ɗari huɗu ba ya ƙarƙashin sarkin Polan. Daga 1327 har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan shekara 600, hukumar garin tana wani wajen, ko da yake manoman ƙauyukan da ke kewaye da shi ba su daina magana da wani karin harshen Polanci ba. In ka riƙe wannan, sauran labarin zai warware maka da kansa.

Almarar garin ta ce 'yan'uwa uku, Bolko da Leszko da Cieszko, suka haɗu a bakin wata rijiya a shekarar 810 bayan doguwar rabuwa, suka yi murna, suka kafa gari a wurin. Rijiyar tana nan, an yi mata rumfa, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Amma masu tarihi ba sa kafa hujja da ita. Ambaton farko da ke rubuce yana cikin wata takardar Fafaroma Adrian na Huɗu ta 1155, inda aka lissafa wurin cikin garuruwan da ke ƙarƙashin bishop na Wrocław. A kan tudun fada akwai ɗan ƙaramin coci mai siffar ɗakin zagaye, na dutse, wanda yake cikin tsofaffin gine-ginen Polan. Hotonsa ne a bayan takardar kuɗin zuloti 20. A 1290 yankin ya zama masarauta mai cin gashin kanta ƙarƙashin Mieszko, ɗan wani reshe na gidan Piast, gidan da ya kafa Polan. Lokacin ƙasar ta tarwatse ƙananan masarautu, kowane ɗan sarki da gonarsa. A 1327 magajinsa Kazimierz ya yi mubaya'a ga Sarki John na Bohemiya, wato ƙasar Cek ta wancan zamani, kuma a yarjejeniyar Trenčín ta 1335 sarkin Polan ya janye da'awarsa kan Silesiya.

Abin lura a nan shi ne mubaya'ar ba ta taɓa rayuwar mutumin gari ba sosai. Gidan Piast ya ci gaba da sarauta a fadarsa har 1653, yana karɓar haraji, yana yanke hukunci. Ɗaya daga cikinsu, Przemysław Noszak, wanda ya yi mulki daga 1358 zuwa 1410, ya kai matsayin da aka tura shi Ingila ya daidaita auren Gimbiya Anne ta Bohemiya da Sarki Richard na Biyu. Abin da ya sauya a hankali shi ne harshen alƙalami. Da farko Latin, sannan Jamusanci, daga ƙarni na 15 kuma yaren Cek ya zama harshen fada da kotu, har daga baya Jamusanci ya sake dawowa. Saboda haka kada ka ga takardar sayen gona ta ƙarni na 16 an rubuta ta da yaren Cek ka ce mai saye da mai sayarwa Cekawa ne. Harshen magatakarda ne, ba na masu gona ba.

Sauyin mai mulki da ya fara shiga gidajen mutane shi ne na addini. A 1526 sarkin Bohemiya ya mutu a yaƙin Mohács da Turkawa, rawanin ya koma hannun gidan Habsburg na Biyenna, masu riƙo da ɗarikar Katolika. Amma sarkin Ceshin, Wacław Adam, da ya karɓi mulki a 1545, sai ya bi koyarwar Luther, jagoran Kiristoci Furotesta, talakawansa suka bi shi. Ɗansa Adam Wacław ya juya ya koma Katolika wajen 1610, mutane da yawa suka ƙi juyawa. Namiji na ƙarshe a gidan ya rasu a 1625, 'yar'uwarsa Elżbieta Lukrecja ta riƙe sarautar cikin bala'in Yaƙin Shekara Talatin, wanda a cikinsa sojojin Suwidin suka kama fadar a 1645, kuma a wajen ƙwato ta aka ragargaza ta. Hasumiya ɗaya da ɗan cocin nan ne manyan abubuwan da suka rage. Da ta rasu a 1653 masarautar ta faɗa hannun Habsburg kai tsaye, kuma ba a ɗauki lokaci ba: a 1654 wani kwamiti ya zagaya ya rufe ko ya ƙwace majami'u 49 na mabiya Luther. Mutanen duwatsu suka koma yin ibada a ɓoye cikin daji, a wuraren da har yau ake ziyarta.

Sauƙi ya zo musu daga inda ba su zata ba. A 1707 Sarki Charles na Goma Sha Biyu na Suwidin, da rundunarsa tana zaune a Saksoniya, ya matsa wa sarkin daular Ostiriya, Joseph na Ɗaya, lamba, aka ƙulla yarjejeniyar Altranstädt. Sakamakonta aka ba Furotesta izinin gina majami'u shida a Silesiya, ɗaya a Ceshin, a bayan ganuwar gari. An fara ginin Cocin Yesu a 1710, kuma har yau shi ne mafi girman cocin mabiya Luther a Polan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tambayarka. Mabiyin Luther dole ya iya karanta littafinsa da kansa, kuma littattafan da manoman nan suka ɓoye suna gadar wa 'ya'yansu mafi yawansu da Polanci suke. Shi ya sa a ƙarni na 19 yawancin waɗanda suka fara fafutukar Polanci a yankin Furotesta ne, akasin sauran Polan inda kishin ƙasa da Katolika suke tafiya tare. Jerzy Buzek, firaministan Polan daga 1997 zuwa 2001, ɗan wannan al'umma ne, kuma an haife shi a ƙauyen da yanzu yake ɓangaren Cek.

A 1742 Frederick na Furusiya ya ƙwace mafi yawan Silesiya daga hannun Sarauniya Maria Theresa. Ceshin yana cikin ɗan guntun da ya rage wa Ostiriya. Daga nan masarautar ta zama kamar dukiyar cikin gida da ake bai wa dangi. Tun a 1722 an ba da ita ga Leopold na Lorraine, a 1766 ta zama ta 'yar sarauniya, Maria Christina, da mijinta Albert na Saksoniya, a 1822 kuma Yarima Charles ya gaje ta. Waɗannan masu sarauta ba a garin suke zaune ba. Wanda talaka yake gani shi ne ma'aikacin ofishin da ke kula da gandunsu da dazuzzukansu, wanda ake kira Komora da Polanci, Kammer da Jamusanci. Shi ke karɓar kuɗin ƙasa, shi ke kiran aikin gandu na tilas, har aka soke wannan aiki a duk daular a 1848. In ɗalibanka suka ci karo da "Yarjejeniyar Teschen", ita ce wadda aka sa wa hannu a garin ranar 13 ga Mayu 1779 don kawo ƙarshen yaƙin gadon Bavariya. Garin masauki ne kawai, rigimar ba tasa ba ce.

Abubuwa uku da suka raba garin a ƙarshe duk a ƙarni na 19 suka bunƙasa, kuma duk a ɓangaren da a yau yake ƙasar Cek. Na farko kwal ɗin Karviná, irin wanda ake gasawa don narka ƙarfe. Na biyu masana'antar ƙarfe ta Třinec, wadda Komora ta kafa a 1839. Na uku layin dogo daga Bohumín zuwa Košice, wanda aka shimfiɗa tsakanin 1869 da 1872. Tsohon Ceshin yana kan tudu, titunansa ƙuntattu, don haka injiniyoyi suka bi fili a tsallaken kogi, suka gina babbar tasha a unguwar da ake kira Saska Kępa. Ba wanda ya yi tunanin ana zana iyakar ƙasa. Sabuwar unguwa ta tashi a gefen tashar, a 1911 ma aka haɗa ta da tsohon gari da taragon lantarki da ke bi ta kan gada.

Yanzu ga ƙidayar 1910, wadda duk ɓangarorin suka riƙa ɗagawa a matsayin hujja. A cikin garin an ƙirga mutum 22,489: kimanin kashi 61 cikin ɗari masu Jamusanci, kusan 32 masu Polanci, kusan 7 masu yaren Cek. A dukan yankin kuwa lissafin ya juya: kusan kashi 55 Polanci, 27 yaren Cek, 18 Jamusanci. Kafin ka rubuta waɗannan alƙaluma a allo, ka san abin da aka tambayi mutane. Ostiriya ba ta tambayi ƙabila ba, ba ta ma tambayi harshen uwa ba. Ta tambayi harshen mu'amalar yau da kullum, kuma amsa ɗaya tak ake yarda da ita. Matsaloli huɗu ke fitowa daga nan. Yahudawan garin, kusan kashi ɗaya cikin goma na mazauna, mafi yawansu an saka su cikin masu Jamusanci. Yaron shago ko 'yar aiki da ta zo daga ƙauye tana iya faɗawa cikin Jamusawa don maigida ne yake cike takardar gidan. Masu Polanci a yankin ma'adinai sun haɗa da dubban leburori da suka zo cin rani daga Galisiya (yankin Polan da ke hannun Ostiriya a lokacin), waɗanda Cekawa suka ce baƙi ne, bai kamata a ƙirga su a batun mallakar ƙasa ba. Sannan akwai mutanen da in ka tambaye su yarensu sai su ce "po naszymu", wato "irin namu". Ba sa ɗaukar kansu 'yan Polan ko Cek, 'yan Silesiya ne kawai. Wani malamin makaranta, Józef Kożdoń, ya kafa musu jam'iyya a 1909, amma takardar ƙidaya ba ta da gurbinsu. Alƙaluman ba ƙarya ba ne, sai dai suna amsa tambayar da ba ita ake jayayya a kanta ba.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya babbar hedikwatar sojojin Ostiriya da Hungari ta zauna a Ceshin kusan shekara biyu, don babban kwamandan, Yarima Friedrich, shi ne mai sarautar garin. Da daular ta ruguje a kakar 1918, majalisu biyu suka tashi: ta 'yan Polan a Ceshin ranar 19 ga Oktoba, da ta Cekawa a yankin Ostrava. Ranar 5 ga Nuwamba suka yi yarjejeniyar wucin gadi, suka raba yankin kusan bisa harshe. A wannan rabo Ceshin gaba ɗaya, da babban ɓangaren layin dogo da na kwal, sun faɗa wajen Polan. Mutanen wurin sun iya sasantawa cikin 'yan kwanaki, gwamnatocinsu ne suka kasa.

Kowane ɓangare yana da hujjar da shi yake ganin ba ta da amsa. Gwamnatin Polan a Warso ta ce mafi yawan mutanen Polanci suke yi. Gwamnatin Cekoslobakiya a Prag ta ce yankin na rawanin Bohemiya ne tun ƙarni na 14, kuma in aka yarda a yanka ƙasashen rawanin bisa harshe, gobe Jamusawa miliyan uku da ke gefunan Bohemiya za su nemi nasu. Bayan wannan akwai abin da ya fi hujja nauyi: layin Bohumín zuwa Košice shi ne babban hanyar jirgin ƙasa da ke haɗa ƙasar Cek da Slobakiya, a daidai lokacin da sabuwar Cekoslobakiya take ja-in-ja da Hungari kan Slobakiyar. Da Polan ta shirya zaɓen majalisarta na 26 ga Janairu 1919 har da yankin da ake jayayya a kai, Prag ta ɗauka ana son mayar da wucin gadi dindindin. Ranar 23 ga Janairu sojojinta ƙarƙashin Josef Šnejdárek suka kai hari. Sojojin Polan kaɗan ne a wurin, don mafi yawansu suna fama a gabas wajen Lwów. An gwabza kwana bakwai, aka tsaya a kusa da Skoczów da matsin lambar manyan ƙasashen da suka ci yaƙi.

An yanke a yi ƙuri'ar raba gardama, amma ba a yi ba. Shekara ɗaya da rabi yankin ya zauna cikin yajin aiki, duka, jefa bama-bamai da korar mutane daga gidajensu, har kwamitin ƙasashen waje da aka turo ya ga zaɓe ba zai yiwu ba. Sai lokaci ya yi wa Polan mummunan zuwa. A Yulin 1920 rundunar Sobiyet tana dosar Warso, firaminista Władysław Grabski ya je taron Spa neman agaji, kuma cikin abin da ya amince da shi har da barin manyan ƙasashe su yanke hukuncin Ceshin. Ranar 28 ga Yuli 1920 taron jakadu a Paris ya ja layi. A cikin garin, layin shi ne kogin Olza. Polan ta sami tsohon gari, tudun fada, dandalin kasuwa, majami'u da yawancin makarantu. Cekoslobakiya ta sami babbar tasha, layin dogo, kwal da Třinec, da fiye da rabin ƙasar yankin da kusan kashi biyu cikin uku na mutanensa, ciki har da masu Polanci fiye da dubu ɗari. 'Yan Polan suna kiran wannan ɓangare Zaolzie, wato "bayan Olza".

Nan ne ya kamata ka tsaya da ɗalibai, don a nan ake ganin abin da iyaka take yi wa gari. Taragon lantarki ya daina aiki a 1921, don ba ya yiwuwa a riƙa binciken fasinja a tsakiyar gada a kowane zuwa. Ɓangaren Polan ya zama gari mai ofisoshi da makarantu amma ba babbar tasha. Ɓangaren Cek ya zama tasha da unguwa ba gari, sai da aka gina masa zauren majalisa, dandali, asibiti da makarantu daga tushe, kuma magajin garinsa daga 1923 zuwa 1938 shi ne Kożdoń ɗin nan. Kuɗi ma ya rabu. Wanda ajiyarsa ta koma kuɗin Cekoslobakiya ya tsira da abinsa, wanda tasa ta koma mak na Polan kuwa hauhawar farashin 1923 ta cinye ta: da aka fito da zuloti a 1924, mak miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas ake bayarwa a karɓi zuloti ɗaya. Zama ɗan ƙasa kuma bai dogara ga inda mutum yake kwana ba. A dokar Ostiriya kowa yana da ƙaramar hukumar da take asalinsa a rubuce, wadda yake gada daga uba, mace kuma ta bi ta mijinta. Yarjejeniyoyin bayan yaƙi sun bi wannan rajista. Saboda haka lebura da ya shekara ashirin a Karviná amma asalinsa a rubuce wani ƙauyen Galisiya ne yana iya wayar gari baƙo a gidansa, sai ya nemi takardar zama ɗan ƙasa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri, kuma ba wanda ya fita da hannu tsarkakakke. Da aka yi yarjejeniyar Munich, wadda ta yanka wa Jamus wani ɓangare na Cekoslobakiya, a ƙarshen Satumba 1938, Polan ta aika wa Prag wa'adi, ranar 2 ga Oktoba sojojinta suka tsallaka gada. Garin ya sake haɗewa, aka rufe makarantu da ƙungiyoyin Cek, dubban Cekawa suka bar yankin. Cekawa ba su manta da wannan ba, kamar yadda 'yan Polan ba su manta da Janairun 1919 ba. Wata goma sha ɗaya kacal abin ya ɗauka. A Satumban 1939 Jamus ta shigo, ta haɗe yankin cikin ƙasarta kai tsaye, aka ƙona babban wurin ibadar Yahudawa, al'ummarsu kuma aka kwashe ta zuwa sansanoni, kaɗan suka dawo. Ranar 20 ga Maris 1942 an rataye 'yan gwagwarmayar Polan 24 a bainar jama'a a wurin da ake kira Pod Wałką.

Takardar da ta fi rikita masu bincike daga wannan zamani ita ce Volksliste, rajistar da Jamus ta raba mutane aji huɗu da ita daga 1941. Aji na ɗaya da na biyu Jamusawa ne sosai. Aji na uku shi ne na waɗanda hukuma ta ce asalinsu ya karkata ga Jamus amma sun gauraya, kuma nan aka zuba ɗimbin mutanen Silesiya. An ba su zama ɗan ƙasa wanda za a iya janyewa, tare da wajibcin shiga soja. A wannan yanki cike takardar ba zaɓi ne na son rai ba kamar a wasu wurare, ƙin yi yana iya jawo ƙwace gona ko kora. Don haka ganin sunan mutum a aji na uku, ko hotonsa da kakin sojan Jamus, ba ya nuna ra'ayinsa. Bayan yaƙi dubbai sun sha zaman tantancewa kafin a mayar musu da haƙƙinsu.

Sojojin Sobiyet sun shiga garin ranar 3 ga Mayu 1945. Rigimar ta so ta sake tashi, Mosko ta danne ta, aka koma layin 1920, aka kori Jamusawa daga gaɓa biyun. Yarjejeniyar 1958 ta tabbatar da iyakar. Duk da cewa ƙasashen biyu 'yan gurguzu ne, gadojin sun kasance da shinge da kwastan, har ranar 21 ga Disamba 2007 da dukansu suka shiga tsarin Schengen aka ɗauke binciken. A 2020 annobar korona ta sa aka sake rufe su na 'yan watanni, mutane suka riƙa rataya ƙyallaye a gaɓar kogi suna gaya wa juna sun yi kewa.

Game da takardu, ga yadda ake bi. Fara da sanin gaɓar da gidan ko ƙauyen yake, don ita ke nuna inda takardun suke a yau. Na ɓangaren Polan ka nemi reshen Ceshin na ma'ajiyar takardun gwamnati ta Katowice, da kuma ofisoshin majami'u, inda rajistoci da yawa suke har yanzu. Na ɓangaren Cek ka nemi ma'ajiyar Opava, wadda ta ɗora hotunan tsofaffin rajistocin coci a intanet, da ta gundumar Karviná. Tsofaffin littattafai da jaridun yankin kuma suna ɗakin karatu na Książnica Cieszyńska, wanda ya gaji tarin da limami Leopold Szersznik ya buɗe wa jama'a a 1802.

Sai ka nemi kowane wuri da sunayensa uku. Trzyniec da Třinec da Trzynietz wuri ɗaya ne. Sunan mutum ma haka: Jan a gida, Johann a ofis, Joannes a littafin baftisma, kuma sunan danginsa yana iya sauya haruffa gwargwadon wanda ya riƙe alƙalami. Na uku, ka san addinin iyalin kafin ka fara. Daga 1784 dokar Joseph na Biyu ta mayar da limaman Katolika masu riƙe rajistar haihuwa, aure da mutuwa a madadin hukuma, kuma sai a 1849 rajistar Furotesta ta sami cikakken matsayi. Saboda haka za ka iya samun mabiyin Luther a littafin Katolika, wannan ba ya nufin ya sauya ɗarika. Rajistar gwamnati zalla ta fara ne a 1946 a ɓangaren Polan, 1950 a ɓangaren Cek, ban da ofisoshin da Jamus ta kafa a shekarun mamaya. Wanda ya je ofishin gwamnati neman takardar haihuwar 1905 zai dawo hannu rabbana, ba don ta ɓata ba, don a coci aka rubuta ta.

Na huɗu, kada ka amince da sunan ƙasa da ke kan takarda sai ka duba ranar da aka ba da ita. Mutumin da aka haifa a Saska Kępa a 1910 ya mutu a gida ɗaya a 1995 ya zauna a Ostiriya, ya ɗan zauna ƙarƙashin majalisar 'yan Polan, sannan Cekoslobakiya, Polan, Jamus, Cekoslobakiya kuma, sai Jamhuriyar Cek daga 1993. Kowace hukuma ta rubuta wurin haihuwarsa da sunan da take so. Ka kuma lura cewa iyakar coci ba ta bin ta gwamnati. Ceshin ya ci gaba da zama ƙarƙashin bishop na Wrocław ko bayan 1742, lokacin da Wrocław ta koma Furusiya shi kuma ya rage a Ostiriya. Ɓangaren Polan ya koma ƙarƙashin Katowice a 1925, na Cek kuwa a hukumance bai rabu da Wrocław ba sai a ƙarshen shekarun 1970. In kana neman wasiƙun limamai ko izinin aure na musamman daga ƙarni na 18 ko na 19, a Wrocław za ka fara tambaya, ba a Prag ko Krakow ba.